Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Aljihu ta Stockman Mai Ruwa Uku

Stockman wuƙar aljihu ce mai naɗewa, mai ruwa uku a cikin ƙota ɗaya. Mahaifarta Amurka, kuma don masu kiwon shanu aka ƙera ta. Wajen ƙarshen ƙarni na 19, bayan zamanin da ake koro garkuna daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, masu ƙera wuƙaƙe suka ɗauki tsohuwar wuƙar makiyaya mai kakkaurar ƙota miƙaƙƙiya, suka sirantar da ita, suka ɗan lanƙwasa ta yadda za ta zauna a tafin hannu, sannan suka ba ta dogon ruwa mai tsini. Shekara sama da 100 ke nan ana yin ta a wannan siffa. Tuni ta bar garke ta shiga aljihun manomi da kafinta da direba da ma'aikacin ofis.

A cikin wuƙaƙen aljihu na gargajiya, ni dai ban ga wadda ta fi ta cancantar a fita da ita kullum ba. Dalilina ɗaya ne: ruwa uku na ba ka damar raba aiki. Ɗaya na abinci, ɗaya na aikin ƙarfi, ɗaya kuma ka killace shi da kaifi don ranar da ake buƙatar yanka mai tsafta. Amma da yawa daga masu saye launin ƙota da sunan kamfani suke fara dubawa, sai bayan mako biyu su ajiye wuƙar a gida saboda ta yi wa aljihu nauyi ko tana karya musu farce. Shi ya sa na jera matakan nan yadda na jera su, kwalliya kuma na tura ta can baya.

Mataki na 1: Ka san aikin kowane ruwa

Babban ruwan shi ne dogo mai siririn tsini, wanda za ka ga an rubuta clip a bayanin kaya. An zaftare bayansa daga tsakiya zuwa tsini, saboda haka yana shiga wuri mai matsi. Shi ne na fere mangwaro, yanka lemo, tsaga burodi, cire ƙaya daga takalmi. Idan za ka ci abin da ka yanka, wannan ruwan za ka ware masa.

Na biyu, sheepsfoot, yana gefe ɗaya da babban. Kaifinsa miƙaƙƙe ne sak, bayansa ne ke lanƙwasowa ya haɗu da kaifin a ƙasa. An ce don gyaran kofaton tumaki aka fara yin irinsa. A zahiri shi ne ma'aikacin wuƙar. Buɗe kwali, yanke igiya, farke ɗinkin buhu, feƙe fensir, yanka fata a kan katako bisa layi, duk nasa ne, domin ƙarfin hannunka yana sauka daidai a kan tsinin, ba ya zamewa. Wanda ya riƙe stockman wata guda zai tarar wannan ruwan ya fi buɗewa.

Na uku, spey, shi kaɗai yake ɗaya ƙarshen ƙotar. Gajere ne, bakinsa kusan a zagaye. Makiyayan Amurka da shi suke fiɗiyar maruƙa, kuma an dakushe tsininsa ne da gangan don kada ya soki dabba idan ta zabura. Wannan siffar ce ta sa yake da daɗin fiɗar ƙaramar dabba, saboda ba ya huda fata. Wanda ba ya kiwo yana iya ware shi ga feƙe alƙalamin rubutun allo ko gyara bakin asuwaki, ko kuma akasin haka, ya mai da shi na kankare fenti da danƙo don ya huta da ɓata sauran biyun.

Akwai waɗanda ake cire musu ruwa ɗaya a sa abin huda fata mai kama da basilla. Baduku ko mai gyaran linzami da sirdi zai fi jin daɗin wannan. Akwai kuma masu ƙaramin ruwa mai tsini a madadin na fiɗiya. Ka karanta bayanin kaya da kyau, kada ka ɗauka duk stockman ɗaya ce.

Abu ɗaya da ya kamata ya zauna maka tun yanzu: wannan wuƙa ba ta da makulli. Sifirin ne a bayan ƙota yake riƙe ruwan a buɗe, kuma idan aka danna bayan ruwan da ƙarfi zai rufe a kan yatsa. Ta yanka ce. Ba a suka da ita, ba a ɓanɓarar murfin gwangwani da ita, ba a kwance ƙusa da tsininta. Haka nan ruwanta ya yi gajarta ga yanka rago ko akuya. Wannan aikin doguwar wuƙa ce mai kaifi.

Mataki na 2: Ka auna ta da aljihunka

Ana auna stockman ne a rufe, da inci. Ƙananan suna kusan inci 2 da 3/4, wato santimita 7. Matsakaita suna tsakanin inci 3 da 1/4 da inci 3 da 5/8, kimanin santimita 8 zuwa 9. Manyan kuwa daga inci 3 da 7/8 har zuwa 4 da 1/4, wato santimita 10 zuwa kusan 11.

A takarda bambancin kamar ba komai ba ne, a aljihu kuwa babba ne. Babbar stockman an yi ta ne don aljihun wandon jins mai kauri. Ka sa ta a aljihun kaftanin yadi marar nauyi, za ta kwanta a gicciye a ƙasa, ta riƙa jan rigar gefe ɗaya tana bugun cinya, da sannu ma ta ci ɗinkin. Ƙaramar kuma ba za ka san tana jikinka ba, sai dai yatsu uku kawai take ɗauka, kuma babban ruwanta ba ya ratsa lemo a yanka ɗaya.

Ga mai zama a gari, matsakaiciya nake ba da shawara, musamman mai inci 3 da 5/8. Yatsu huɗu na samun wuri, ruwan ya isa aikin abinci, nauyin kuma bai kai ya dame ka ba. Mai aikin gona ko lambu, wanda zai yanka igiya mai kauri ko ya fere rake, ya ɗauki babba ya samo mata ɗan kuben fata. Idan ba ka da tabbas, ka yanko ɗan kara mai tsawon santimita 9 da wani mai 11, ka damƙa kowanne ka ji, ka kuma jefa su aljihun rigar da ka fi sawa.

Ka duba kan ƙotar ma. Ƙarfen da ke rufe ƙarshenta biyu, wani a zagaye yake, wani mai kusurwa. Mai zagaye ya fi tausaya wa yadi.

Mataki na 3: Ƙarfe mai tsatsa ko marar tsatsa

Zaɓi biyu ne. Ƙarfen kabon, wanda aka fi sani da lamba 1095, shi ne na gargajiya. Yana ɗaukar kaifi cikin sauƙi ko a kan dutsen washi na gida, kaifin kuma yana fita da kyau. Aibinsa tsatsa. Ka yanka albasa ko mangwaro da shi, nan take zai fara yin toka-toka, daga baya ya yi duhu. Wannan duhun ba lahani ba ne, har ma yana ɗan kare ƙarfen. Jan tsatsa mai cin ƙarfe shi ne abin gudu, kuma zufa a cikin aljihu lokacin bazara ko laimar damina sun isa su kawo shi cikin kwana kaɗan idan ba a gogewa.

Ƙarfe marar tsatsa kuwa, irin 420HC ko 440A, an haɗa shi da sinadarin kuromiyam mai yawa, sama da kashi 10 cikin 100, shi ne ke hana shi saurin tsatsa. Ba wai ba ya yi sam ba, amma yana haƙuri da mantuwa. Washinsa ma ba wuya, sai dai yakan bar ɗan siririn zare na ƙarfe a bakin kaifi wanda sai an bi shi a hankali kafin ya fita.

Ka tambayi kanka gaskiya: kana goge kayan aikinka bayan ka gama? In eh, ƙarfen kabon zai faranta maka, kuma ni shi na fi so, don yadda yake amsa dutse. In kuwa ka san wuƙar za ta kwana a aljihun rigar da ta jiƙe da gumi, ko kana zaune a gari mai laima kamar Legas ko Kumasi, sayi marar tsatsa ka huta.

Mataki na 4: Ka duba ta a hannu, a nan ake gane ta gari

Wuƙa biyu daga kamfani ɗaya, lamba ɗaya, na iya bambanta, domin har yanzu akwai aikin hannu sosai wajen haɗa irin waɗannan wuƙaƙe. Saboda haka duk lokacin da ka samu damar taɓawa kafin ka biya, kada ka yi gaggawa.

Fara da buɗewa. Kowane ruwa yana da ɗan gurbi na sa farce. Ka buɗe ukun ɗaya bayan ɗaya. Idan sai ka cije leɓe kafin ya taso, sifirin ya yi tauri, kuma ranar da hannunka ya jiƙe farcenka ya yi laushi ba za ka iya buɗe ta ba. Idan kuma ya taso ba tare da turjiya ba, ya yi sanyi, zai iya rufewa a tsakiyar aiki. Abin da ake so shi ne ruwan ya tafi sumul ba ƙaiƙayi, ya kai ƙarshe ya ce ƙas, haka ma wajen rufewa. Ka fi mai da hankali kan ƙananan biyun, su ne suka fi zuwa da rauni.

Sai ka buɗe ruwa gaba ɗaya, ka kama bayansa da yatsu biyu ka girgiza shi hagu da dama. Bai kamata ya yi lilo ba. Motsi kaɗan ana iya gyara shi, amma sabuwar wuƙa mai kaɗawa ka mayar wa mai ita.

Na gaba shi ne gogayya. Yawancin stockman sifirin biyu ne da su: babban ruwa da nasa, ƙananan biyun suna tarayya a ɗaya. Don ukun su samu wurin kwanciya, maƙeran kan ɗan karkatar da ruwan daga gindi yadda za su wuce juna. Idan aikin bai yi daidai ba, sai su riƙa gugar juna, ka ga zane a jikin ruwan. Ɗan zane kaɗan ba ya hana aiki, kusan kowace stockman mai sifirin biyu tana samunsa da daɗewa, musamman in kana tura ruwan gefe lokacin buɗewa. Amma idan kaifin wani yana cin jikin wani, ko sai ka buɗe ɗaya kafin ɗayan ya fito, wannan aibi ne. Kamfanin Buck ya kauce wa matsalar a wuƙarsa mai lamba 301 ta hanyar ba kowane ruwa sifirinsa, ruwan duk suna tsaye sak.

Rufe ta duka, ka shafa yatsa a kan wajen da tsinin kowane ruwa ya kwanta. Tsini ya nutse cikin ƙota. In ya ɗan leƙo waje, zai kama yadin aljihu, wata rana kuma yatsanka. Ka dubi miƙaƙƙen ruwan nan ma: a wasu wuƙaƙen bayansa na tasowa sama sosai idan an rufe, sai ya riƙa tokare tafin hannu lokacin da kake aiki da babban ruwa. Buɗe babban, ka damƙe ƙotar da ƙarfi, ka ji ko zai dame ka.

Sannan ka ɗaga bayan wuƙar zuwa haske. Tsakanin sifirin da siraran farantan tagulla da ke gefensa, haske bai kamata ya ratsa sosai ba. Siririn layi ba komai. Giɓin da takarda za ta shiga kuwa matattarar ƙura da lakar aljihu ce. A ƙarshe ka bar ruwa ya rufe da kansa sau biyu ko uku, ka buɗe ka kalli kaifin. Idan ka ga wani ɗan wuri yana ƙyalli, kaifin na dukan sifirin daga ciki, kuma kullum wurin zai riƙa dakushewa.

Mai saye ta intanet ba shi da wannan dama, to ya nemi hoton ainihin wuƙar da za a aiko masa, a buɗe da a rufe da ta baya, ya kuma tabbatar ana karɓar kaya idan an mayar.

Mataki na 5: Ƙota

Ƙashin ƙaurin shanu shi ne na gargajiya. Ana rina shi, a sassaƙa masa ƙananan ramuka don kada ya yi santsi, kuma yana ƙara kyau da tsufa. Sai dai yana tsagewa idan ya faɗi a siminti, kuma busasshiyar iskar hunturu ba ta yi masa daɗi; ka duba kewayen ƙusoshin ko akwai siririn tsagu. Ƙahon barewa ya fi tsada, ya fi kauri. Katako yana da daɗin riƙo. Roba mai ƙarfi irin su Delrin, wadda ake gani a baƙar ƙotar Buck da ƙota mai ruwan ƙasa ta Old Timer da rawayar ƙotar Case, ba ta da kwarjinin ƙashi amma ba ruwanta da gumi ko faɗuwa. Ga wuƙar farko da za ta sha aiki, roba ta wadatar.

Mataki na 6: Wane kamfani

Case, da ke Bradford a jihar Pennsylvania, ya faro tun 1889, kuma tun 1993 yana hannun kamfanin Zippo mai ƙera abin kunna wuta na aljihu. Shi ya fi yawan launi da girma. Lambar da ke gindin ruwan tana gaya maka komai: a 6318, 6 na nufin ƙotar ƙashi, 3 yawan ruwa, 18 kuma samfurin, wato matsakaiciya mai inci 3 da 5/8. Samfuri na 75 shi ne babba mai inci 4 da 1/4. Suna yin na kabon da marar tsatsa. Tun 1970 suke sa ɗige-ɗige a hatiminsu don nuna shekara, ɗigo 10 a 1970, ana rage ɗaya kowace shekara, ana kuma sauya salon hatimin duk shekara 10. Sunan ya yi tashe har ana yin jabunsa, don haka arha mai yawa a kan Case abin tuhuma ne.

Buck, a Post Falls ta jihar Idaho, yana yin 301 mai inci 3 da 7/8 da ƙanwarta 303 mai inci 3 da 1/4, da ƙarfen 420HC. Ba su da ado, amma wuƙaƙen aiki ne na gaske, kuma sun iya gasa wannan ƙarfen. Masu lamba 371 da 373 a Sin ake yin su, sun fi sauƙin kuɗi.

Old Timer labarinta biyu ne. Masana'antar Schrade mai ƙera ta da ke Ellenville a jihar New York ta rufe a 2004, aka sayar da sunan, aka koma ƙera yawancinsu a Sin da ƙarfe marar tsatsa. Tsofaffin na Amurka, irin 8OT babba da 34OT matsakaiciya, ƙarfen kabon ne, kuma har yau ana neman su. Idan ka ci karo da ɗaya a kayan gwanjo, duba hatimin gindin ruwa ko akwai USA, ka kuma duba ko washi bai cinye ruwan ya mai da shi tsinke ba.

Rough Ryder na Sin ne, mai arha, kuma sau da yawa aikin haɗinsa ya fi kuɗinsa. Da shi ya kamata mai gwaji ya fara, ya gane girman da ya dace da shi kafin ya kashe kuɗi da yawa. Böker na Solingen a Jamus tsohon gida ne, sai dai ba duk mai sunansa ake yi a Jamus ba, a duba hatimi. Great Eastern Cutlery, da aka kafa a Titusville ta Amurka a 2006, aikinsu ya yi fice da ƙarfen 1095, amma kaɗan-kaɗan suke fitarwa, masu tarawa su wawashe, farashi ya hau. Ban ga dalilin da mai neman wuƙar yanka igiya zai bi wannan layin ba.

Mataki na 7: Makon farko

Sabuwar wuƙa takan zo da baƙar dauɗar masana'anta a gaɓoɓinta. Ɗiga man keken ɗinki a kowace gaɓa, ka buɗe ka rufe sau da yawa, ka goge baƙin da ke fitowa, ka maimaita har ya daina. Yawancin taurin da mutane ke kuka da shi a nan yake warwarewa. Ruwan abinci kuwa ka shafa masa farin man farafin da ake sayarwa a kemis. Man gyaɗa da manja suna yin danƙo a gaɓa, su kama ƙura.

Daga nan sai washi, kuma a nan rabon aikin yake tabbata. Kwantar da ruwa a kan dutse, ka ɗaga bayansa kaɗan, kimanin digiri 15 zuwa 20, ka wasa gefe ɗaya har ka ji ɗan siririn zaren ƙarfe ya fito a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan ka juya. Miƙaƙƙen ruwa ka bar shi da kaifin dutse mai ɗan kaushi, ya fi cin igiya da kwali. Babban ruwa ka bi shi da dutse mai laushi. Wanda ka killace kuwa ka kwantar da shi ƙasa-ƙasa, ka ƙarasa a kan fata kamar yadda wanzami ke yi wa aska, kana ja baya-baya don kada kaifin ya ci fatar. Bayan haka, ɗan shafawa a fata sau ɗaya a mako ya fi jiran ta dakushe gaba ɗaya.

Kada ka haɗa ta aljihu ɗaya da makullai da tsabar kuɗi ko waya. Lokaci-lokaci ka sa tsinken ashana ka fitar da auduga da ƙurar da ke taruwa a cikin ƙota, domin ita ce ke hana ruwa rufewa har ƙarshe.

Mataki na 8: Inda za ka shiga da ita

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila, misali, an yarda mutum ya ɗauki wuƙa mai naɗewa marar makulli idan kaifinta bai wuce inci 3 ba, abin da ya sa matsakaiciyar stockman ke shiga cikin waɗanda aka halatta, babbar kuwa sai an auna ruwanta. A garuruwanmu, inda ƙwacen waya da faɗan daba suka sa jami'an tsaro da jama'a ke kallon duk mai wuƙa da ido biyu, ka tambayi abin da dokar jiharka ta ce, ka kuma yi aiki da hankali. Kada ka fito da ita a cikin taro ko a motar haya, kada ka shiga da ita makaranta, banki, kotu ko filin wasa, kuma idan gardama ta tashi ta zauna a inda take. A gida ka ajiye ta inda hannun yara ba ya kaiwa, don sifirinta na rufewa da ƙarfin da zai datse ɗan yatsa. Ranar tafiya ta jirgin sama, ka tuna ka cire ta daga aljihu tun a gida ka sa a babbar jakar da za a auna, domin a jakar hannu za a karɓe ta a wajen bincike.